Ɓeran Masar ɗin yaranmu daban, ɓeran cikin sitonmu daban



Makon jiya wani abu ya faru a ɗaya daga cikin layukanmu nan Kubwa, wanda har yau ana ta maganarsa a majalisa da wajen ɗiban ruwa. Wani yaro ɗan shekara 11 ya tashi da sassafe zai zuba wa ɓerayen Masar ɗinsa ciyawa kafin ya wuce makaranta, sai ya tarar biyar daga cikin bakwai sun mutu, biyun da suka rage suna shure-shure. Da aka bi diddigi, sai aka gano wata maƙwabciyarsu da suke haya a gida ɗaya ce ta barbaɗa shinkafar ɓera a gefen kejin cikin dare. Kejin a ƙasa yake, tsagar katakonsa da faɗi, dabbobin suka miƙo baki suka ci.

Matar ba ta ɓoye ba. Ta ce ta sha yi wa mahaifiyar yaron magana, ita tana da goyo, kuma tun da aka kawo dabbobin nan ɓeraye suka cika tsakar gida, ga rediyo kullum cikin gargaɗin zazzaɓin Lassa. Mahaifiyar yaron ta ce an zalunci ɗanta, domin da kuɗin tararsa ya sayi biyun farko, shekara guda yana wahala da su. Mai gidan kuwa ya ce ko a fitar da keji, ko a fitar masa daga gida. Abin da ya fi tayar mana da hankali, wanda rigimar ta sa aka manta da shi, shi ne da safen nan an tarar da wata 'yar mai rarrafe ta ɗaki na uku tana wasa taku biyu kacal daga inda aka zuba gubar. Allah ne Ya tsare.

Tun daga ranar wasu dattawanmu suke kira da a kafa doka a unguwa, a hana yara kiwon duk wani abu mai kama da ɓera, ko na Masar ne, ko farin nan mai jan ido. Muna girmama su, mun kuma san tsoro ne na gaskiya ya sa su faɗi haka. Amma ba mu goyi bayan wannan dokar ba. Haka kuma ba mu tare da masu cewa ai dabbar yara ce, babu komai, a ƙyale su. Akwai komai. Sai dai ba a inda ake nunawa yake ba.

Mu fara da sunan, domin shi ya jawo rabin rigimar. Ɓeran Masar ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda mutanen can suka mayar da shi dabbar gida dubban shekaru da suka wuce, kuma har gobe suna kiwonsa don nama kamar yadda muke kiwon kaji. Kakanninmu sun saba jingina baƙon abu ga Masar. Ita kanta masara daga nahiyar Amurka ta zo. Turawan Ingila ma ba su tsira ba, sun laƙaba masa sunan Gini suka kuma kira shi alade, alhali ba daga Gini yake ba kuma babu abin da ya haɗa shi da alade. Mun faɗi wannan ne saboda mun ji wani uba ya ga sunan a littafin makarantar ɗansa hankalinsa ya tashi. Dabbar nan ba ta da wutsiya, ba ta iya hawan bango, ba ta tona buhu, ciyawa ce abincinta. Macen nono biyu kawai gare ta, takan ɗauki ciki wata biyu da 'yan kwanaki, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu a galibi, da gashinsu, idonsu a buɗe.

Shi kuwa ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar cutar Lassa wani ne daban. Ƙaramin ɓeran daji ne da ke zirga-zirga tsakanin gona da gida, macensa tana da jerin nonuwa masu yawa fiye da na sauran ɓeraye, tana kuma zuba 'ya'ya rututu. Yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ta kwantar da shi ba, yana zubar da ita a fitsari da kashi. Mutum yana kamuwa idan ya ci abin da ɓeran ya ɓata, ko ya taɓa da hannu mai rauni, ko ya shaƙi ƙurar wurin, sannan majiyyaci yana iya sa wa mai jinyarsa ta jini da sauran ruwan jiki. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, lokacin da ta kama ma'aikatan jinya na mishan, biyu suka rasu.

Duk wanda ya ce tsoron maƙwabciyar nan shirme ne bai yi mata adalci ba. A Janairun 2016 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya tabbatar da rasuwar wani majiyyaci da wannan cuta a Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja. A Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A shekarar ta 2020 hukumar NCDC, wadda ofishinta ke nan Jabi, ta tabbatar da kamuwar mutum sama da 1,000 a faɗin ƙasa, sama da 200 suka riga mu gidan gaskiya. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba su suka fi fama, amma Abuja gari ne na shiga da fita, buhunan hatsi da garin kwaki daga ko'ina suke zuwa mana. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba sa sanin sun kamu, amma wanda ta kama da ƙarfi sai addu'a, kuma ta fi muni ga mai ciki, musamman a watannin ƙarshe. Daga cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin huɗu takan taɓa musu ji. Mace mai goyo da ta ga ɓeraye suna yawo kan kwanukanta tana da haƙƙin ta damu.

To ina haɗin yake? Mun je gidan da abin ya faru, mun kuma leƙa wasu gidaje shida da yara ke irin wannan kiwo. Abin da muka gani kusan iri ɗaya ne. Buhun dusa a buɗe a jingine da bango. Ragowar tuwo da shinkafa da miya an juye a cikin keji tun daren jiya. Ɓawon kankana da na ayaba sun fara tsami. Keji a ƙasa, a lungun da babu haske, a bayan tarin katako da tsofaffin tayoyi. Wane ɓeran daji ne zai ga wannan liyafa ya wuce? Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba ɓeran Masar ne ke kiran ɓeran daji ba, abincin da muke zubarwa da sunan ciyar da shi ne. A cire kejin a bar buhun dusar da bolar bayan gida, ɓerayen ba inda za su je.

Kuma kada wani ya ji mun ce ɓeran Masar ba shi ne ma'ajiyar cutar ba ya ɗauka ba ya kamuwa. Masu bincike a ɗakunan gwaji suna amfani da shi wajen nazarin Lassa ne daidai saboda yana kamuwa idan ƙwayar ta shige shi. Wato idan ɓeran daji yana shiga kejin da dare yana fitsari a kwanon abinci, dabbar tana cikin haɗari, yaron da ke sa hannu yana wanke kwanon shi ma haka. Lokacin da Lassa ta fi yaɗuwa, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, shi ne kuma lokacin da ɗanyar ciyawa ke ƙarewa a Abuja, yara su koma tara dusa da masara, ana ƙona daji ɓeraye suna gudowa cikin gidaje. Abubuwa uku ne suke haɗuwa a tsakar gida ɗaya.

Saboda haka muke ganin maganar ciyarwa ita ce gaba da komai. Wanda ya iya ciyar da dabbar nan yadda ya kamata ya rage wa kansa fiye da rabin matsalar ɓeran daji, domin abin da ya dace da cikinta ba shi ne abin da ɓeran daji ya fi so ba.

Ciyawa ce tushen abincinta, ɗanya ko busasshiya, kuma ta kasance a gabanta dare da rana. Haƙoranta ba sa daina tsiro har ta mutu, tauna ciyawa ce ke goge su. Wadda aka saba wa tuwo da burodi haƙoran kan yi tsawo su karkace, ka ga tana dalalar da miyau, ta zo gaban abinci ta kasa ci, yaro ya ce maye ya kama ta. Cikinta ma an yi shi ne don ciyawa. Idan ta yini guda ba ta ci komai ba, abin ya zama na gaggawa. Da damina ciyawa ba ta wuya, amma a kula da inda ake yankowa. Yanzu kusan kowane mai fili feshin maganin ciyawa yake yi maimakon noma, kuma ciyawar da aka fesa jiya ba ta nuna alama yau. A guji ta bakin babban titi da ta gefen kwata. A yanko da yawa tun watan Oktoba, a shanya a inuwa a kan wani abu mai tudu, a ɗaure a rataye. Harawar gyaɗa da ta wake, irin wadda ake samu wajen masu tumaki a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, tana da kyau ga ƙanana da masu ciki, amma ga manya a riƙa haɗawa da ciyawa, kada ta zama ita kaɗai.

Abu na biyu da yawancin yaranmu ba su sani ba: ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya ƙera bitamin C da kansa. Zomo yana iyawa, akuya tana iyawa, shi ba ya iyawa. Dole ya samu daga abinci kullum. Idan ya rasa na 'yan makonni, gashinsa ya yamutse, gaɓoɓinsa su kumbura, ya riƙa ɗingishi, dasashinsa ya yi jini. Wannan shi ke kashe su da yawa da rani a hannun yaran da suka dogara da dusa zalla. Maganin kuwa yana kasuwa da araha: yanki ɗaya na tattasai mara yaji, ɗan yankin gwaiba, ganyen dankalin Hausa, ɗan kabeji kaɗan don yawansa yana kumbura ciki, karas jefi-jefi. Masu kayan gwari a kasuwar Dutse da ta Zuba kullum suna zubar da ganyen waje na kabeji da latas. Yaro mai ladabi in ya roƙa za a ba shi. A wanke da ruwa mai tsabta, a cire wanda ya ruɓe, kuma abin da bai ci ba kafin magariba a kwashe.

Abin da ba a ba shi: albasa da tafarnuwa, ɗanyen dankalin Turawa da ganyensa, piya, alewa da cakulan, nama da kifi, da duk wani dafaffen abinci mai gishiri da mai da yaji. Dusa kuwa cokali ɗaya ko biyu da safe ta isa, a cikin kwano, a ɗauke kwanon idan ya gama. Sauran dusar a zuba a bokiti mai murfi mai kamawa, ba a buhu ba.

Sai ruwa. Ba mu san wanda ya fara yaɗa cewa zomo da ɓeran Masar ba sa shan ruwa ba, amma mu ma da wannan muka tashi, kuma Allah kaɗai Ya san yawan waɗanda ƙishirwa ta kashe a hannunmu muna yara. Suna sha. Idan suna cin ɗanyen ganye sukan rage sha, shi ya sa ake zaton ba sa so. A sa musu ruwa a kwano mai nauyi da ba za su kifar ba, a canza kullum.

Zafi ma makashinsu ne. Dabbar tsauni ce, da zarar zafi ya haura digiri 27 ko 28 ta fara wahala, alhali a watan Maris Abuja takan wuce digiri 35. Keji mai rufin kwano a tsakiyar rana tanda ce. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa kamar tsayin gwiwa ko fiye, a zagaye shi da ragar waya mai ƙananan ido wadda ɗan yatsa ba ya shiga, domin ƙaramin ɓera ta ƙaramar kafa yake kutsawa. Amma daɓen kejin ya zama katako ne aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa, don tafin ƙafarsu ba ya jure tsayuwa kan waya, yakan yi gyambo. Kuma ba a ajiye guda ɗaya tilo. Dabbar garke ce, kaɗaici na sa ta rame. A ƙasar Siwizalan tun 2008 doka ta hana a ajiye ɗaya ba abokin zama. Sai dai a yi hattara da haɗa mace da namiji: macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata ɗaya da 'yan kwanaki, kuma tana iya sake ɗauka a ranar da ta haihu. Haka biyu ke zama bakwai, bakwai su zama ashirin, abinci ya gagara, wari ya tashi, maƙwabta su fusata. Mata biyu sun ishi yaro. In an haihu, a ware 'yan mazan tun suna sati uku.

Akwai wani kuskure da iyaye ke yi da kyakkyawar niyya. Dabba ta yi rashin lafiya, sai a aika kemis a sayo kafso irin su amfisilin ko amoksisilin a fasa a zuba mata a ruwa, kamar yadda ake yi wa kaji. Ga ɓeran Masar da zomo wannan dangin magani guba ne. Yana kashe ƙwayoyin da ke taimaka musu narkar da ciyawa a hanji, gudawa ta biyo baya, su mutu cikin kwanaki. A nemi likitan dabbobi. Akwai su a cikin gari, kuma Jami'ar Abuja tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa. Idan kuma aka ga gashin dabbar na zubewa a zagaye kamar kwabo, a raba ta da yara har a duba, domin makero yana tsallakawa daga jikinta zuwa fatar mutum.

Game da fararen ɓerayen nan masu jan ido da suka fara bayyana a hannun samarinmu, ra'ayinmu ya fi tsauri. Waɗannan ɓeraye ne na gaske, jinsin ɓeran kwata ne da aka hora tun ƙarni na 19, kuma mafi shaharar irinsu an samar da shi ne a cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka a farkon ƙarni na 20. A nan ƙasar ɗakunan gwaji ne ke kiwonsu, a jami'o'i da cibiyoyin bincike irin su cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu da ta binciken lafiyar dabbobi da ke Vom. A Turai da Amurka mutane na ajiye su a ɗaki, kuma gaskiya suna da wayo, suna gane mai su, suna amsa kira. Suna cin hatsi da ganye da ɗan dafaffen ƙwai, suna rayuwa shekara 2 zuwa 3, su ma ba sa son kaɗaici, kuma ba a ɗaga su ta wutsiya. Amma cikinsu sati uku ne kacal, haihuwa ɗaya takan kai goma, suna hawa, suna gurgurar katako, suna tserewa. Abincinsu kuma shi ne ainihin abincin ɓeran daji. Ko a Amurka, inda ake ajiye su a keji na musamman a ɗaki mai sanyi, a 2017 an samu mutanen da suka kamu da ƙwayar cutar da ake kira Seoul daga ɓerayen da suke kiwo, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta can tana ba da shawarar kada a ajiye dangin ɓera a gidan da ke da mai ciki, ko yaro ƙasa da shekara 5, ko mai raunin garkuwar jiki. A gidan haya mai ɗaki takwas da banɗaki biyu, da wuya a rasa ɗaya daga cikin ukun nan. Muna ganin farin ɓera bai dace da gidan haɗaka ba. Kuma ɗalibin da ya gama aikin bincikensa ya kwaso ragowar ɓerayen gwaji ya raba wa ƙannensa, bai san abin da aka ɗura musu ba balle ƙannen su sani. Ya mayar da su inda ya samo.

Na daji kuwa, babu sassauci. Mun ga yara sun haƙo gafiya a bayan unguwa sun ɗaura mata igiya a ƙugu suna ja, wai za su yi kiwo. Ba mu raina gafiya ba. A garin Morogoro na Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da 'yan uwanta su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa da kuma cutar tarin fuka a majinar majiyyata. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu a Janairun 2022. Amma waɗancan a hannun ƙwararru aka haife su, likitoci na duba su. Ta ramin bayan gida ba wanda ya san abin da take ɗauke da shi. A 2003 an kai wasu dabbobin daji daga Ghana zuwa Amurka don sayar wa masu sha'awar kiwo, har da gafiya a ciki, suka zama sanadin ɓarkewar ƙyandar biri da ta kama mutum fiye da 40 a can. Duk yaron da aka gani da gafiya ko kurege ko ɓeran gona a keji, babba ya karɓe, ko ɗan waye.

Wasu sun kawo mana hujjar addini, cewa ɓera yana cikin dabbobin da aka yi umarni da kashewa saboda ɓarnarsu. Haka ne, kuma ɓeran da ke ɓata mana abinci yana kawo cuta ba mu ce a tausaya masa ba. Ko hukuncin ya hau kan dabbar da suna kawai ya haɗa su, wannan malamanmu na unguwa za su yi bayani. Abin da muke tunatar da iyaye shi ne, a cikin hadisan da muka koya tun muna Islamiyya akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ke cikin keji ba ta da kowa sai wanda ya kulle ta. Idan yaro ya tafi makarantar kwana ko ya gaji da ita, nauyin yana kan uban da ya yarda aka shigo da ita. Maƙwabtanmu Kirista ma mun san haka suke koya wa 'ya'yansu.

Me ya sa muka dage kada a hana gaba ɗaya? Domin yawancinmu a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato muka tashi, a gidaje masu turke da akurki da ɗakin tattabaru a kan soro. A can muka koyi tashi da wuri don wani rai na jiranmu, muka koyi lissafin dusa da ribar 'yan shila, muka ga haihuwa muka ga mutuwa. Yaranmu na Abuja ɗaki biyu ne da baranda, ba filin akuya, ba wurin tantabara, sai waya a hannu. Ɓeran Masar ko zomo shi ne ɗan abin da ya rage musu. Yaron nan da aka kashe wa biyar, mahaifiyarsa ta ce shekara guda ba ta taɓa tashinsa da asuba ba, da kansa yake tashi. Ba mu ga hikimar ƙwace wannan a hannunsa ba alhali gyara ake buƙata. Kuma mun san halin yara: in aka hana a fili, za su ɓoye a kwali a ƙarƙashin gado ko a kangon da ba a gama ba, inda babu babban da zai duba.

Ita kuma shinkafar ɓera, muna roƙon iyayenmu mata da babbar murya, a daina barbaɗa ta a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Kala gare ta mai jan ido, yaro ba ya bambance ta da abin ci. Kaza ta tsattsaga ta mutu, kyanwa ta ci mushen ɓeran ita ma ta bi, a rasa mai kama ɓerayen gobe. Tarko ya fi, da toshe ramuka da siminti, da rufe abinci, da daina shanya garin kwaki da masara a ƙasa a bakin hanya. In an kama ɓera ko an tsinci mushensa, kada a ɗauka da hannu tsirara, kada kuma a aiki yaro. A sa safar hannu ko leda biyu, a yayyafa ruwan bilic a wurin kafin a goge, kada a share da tsintsiya a bushe ƙura ta tashi, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Duk wanda zazzaɓi ya kama ya sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, musamman in da ciwon maƙogwaro ko amai ko jini, a tafi asibiti a kuma gaya wa likita idan akwai ɓeraye a gidan. Alamun sukan ɗauki har kwana 21 kafin su fito, kuma maganin da ake bayarwa ya fi aiki in an fara da wuri. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Ga abin da za mu gabatar a taron wata mai zuwa a madadin dokar hani. Duk yaron da zai yi kiwo a gidan haya, mahaifinsa ya fara neman yardar mai gida da sauran 'yan haya, kuma in akwai mai ciki ko mai jariri da ta ce ba ta yarda ba, maganarta ce a sama. Kada a wuce dabba huɗu a gida ɗaya. Keji a ɗage, da raga, nesa da madafa da randar ruwa. Abinci a bokiti mai murfi. Shara kullum, wankin keji duk sati, wankin hannu bayan kowace taɓawa. Mutum biyu daga cikin matasanmu su riƙa zagayawa sau ɗaya a wata suna dubawa, wanda aka yi wa gargaɗi sau biyu bai gyara ba a sa shi ya sayar ko ya kyautar. Wani kafinta a cikinmu ya ce zai haɗa keji ɗaya na gwaji a kawo wurin taron kowa ya gani, in an amince ya riƙa yi wa yara a kuɗin katako da raga kawai.

Game da gidan da abin ya faru, dattawa biyu sun zauna da matan jiya bayan la'asar. Maƙwabciyar ta ba yaron haƙuri ta kuma kwashe ragowar gubar, mahaifiyarsa ta amince laifin buhun dusar nasu ne. Daga cikin biyun da suka rage ɗaya ta mutu, ɗaya ta tashi ta fara cin ciyawa. Za ta koma gidan kawun yaron a Dutse har a gama sabon keji, sannan a sake komawa wurin mai gida. Masu ra'ayi, ko na goyon baya ko na saɓani, a zo taron da shi, kuma muna roƙon a zo da yaran da ke kiwon, su ma a ji ta bakinsu.